Labarin Jozefin Beka da Bakin Duniya



A kowace ƙasa akwai mutanen da sunansu ya wuce garinsu. Wani makaɗi ne, wani ɗan kokowa ne, wata zabaya ce. In ɗayansu ya shigo kasuwa, kowa sai ya waiwayo. Masoyansa na iya yin faɗa dominsa, ko da shi bai san da su ba. Wasu kuma ba su da aiki sai zama gindin icce suna ƙidayar matansa da bashin da ake bin sa. Turawa ma haka suke. Sai dai su, tsegumin nasu a jarida ake buga shi, a sayar, a ci riba.

Yau tarihin wata mace baƙar fata za mu ba ku, mai rawa da waƙa. A takardun Turawa ana rubuta sunanta Josephine Baker, mu kuwa za mu kira ta Jozefin Beka. Shekara 50 ta yi duniya na yi mata tafi, kuma duniya na yi da ita. Ku bi labarin sannu a hankali. Za ku ga launin fatarta ya shiga cikin tafin, ya kuma shiga cikin tsegumin.

ƊIYAR MAI WANKI

An haifi Jozefin ran 3 ga watan Yuni 1906, a birnin Sen Luwis na ƙasar Amurka, bakin wani babban kogi da ake kira Misisipi. Uwarta talaka ce, wanki take yi wa mutane su biya ta.

Baƙaƙen fatar Amurka jikokin bayi ne waɗanda anka kwasa daga Afirka cikin jiragen ruwa. An hana bauta can a 1865, amma wulaƙanci bai ƙare ba. A jihohi da yawa doka ta raba baƙar fata da farar fata. Lakwal daban, gidan likita daban, gidan abinci daban, har wurin zama cikin jirgin ƙasa daban. Wannan shi ake kira wariyar launin fata.

Jozefin na da shekara 8 anka kai ta aikatau gidajen Turawa. Tana da shekara 11, cikin watan Yuli 1917, rikici ya tashi a garin da ke ƙetaren kogi. Turawan garin sun ji haushi don ana ɗaukar baƙar fata aiki a masana'antu. Sunka auka wa unguwanninsu, sunka sa wa gidaje wuta, sunka kashe mutane gommai. Dubbai sunka tsere ta kan gada. Yarinyar ta ga wutar, ta ga masu gudu. Har ta tsufa tana ba da labarin wannan tashin hankali.

Ta yi aure tana da shekara 13, auren bai daɗe ba. A 1921 ta auri wani mai suna Beka. Shi ma sunka rabu, amma ta riƙe sunansa. Daga nan ta bi ƴan wasa masu yawo gari gari, har ta kai babban birnin nan Niyu Yok.

Ku ji yadda gidajen wasa suke a lokacin. Akwai wani mai suna Cotton Club, wanda anka buɗe a 1923. Makaɗa da masu rawa baƙar fata ne, amma Turawa kaɗai ake bari su zauna kallo. Kuma ko cikin baƙar fatar, masu gidajen wasa sun fi ɗaukar ƴan mata masu haske. Jozefin ta fi ƴan uwanta duhu, ga ta siririya. Da ta samu shiga wani wasa mai suna Shuffle Along, sai anka sa ta can ƙarshen layi. Ita kuwa ta riƙa karkace ido, tana yi kamar ta mance taku, tana ba mutane dariya. Ba a jima ba ƴan kallo sunka bar kallon na gaba, sunka koma kallon ta ƙarshe. Dama an ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya.

TAFIN PARIS

A 1925 anka ɗauki wasu ƴan wasa baƙar fata daga Amurka zuwa Paris, babban birnin Faransa. Jozefin na cikinsu, tana da shekara 19. Da masu gidan wasan sunka ga shirin da sunka zo da shi, bai gamshe su ba. Bai yi kama da Afirkar da ke cikin kansu ba. Sai sunka ƙara wata rawa, sunka sa mata suna rawar mutanen daji. Jozefin ce za ta yi ta, kusan babu tufa a jikinta sai gashin tsuntsu.

An buɗe wasan ran 2 ga watan Oktoba 1925. Kafin gari ya waye sunanta ya cika birni. Shekara ta gaba, 1926, a wani babban gidan wasa mai suna Folies Bergère, ta fito da ayaba ta ƙarya ɗaure a ƙugu. Hoton wannan rawa ya zagaya duniya.

To, ku da kuke cikin Afirka, kun san yadda mata ke shiga in za su biki. Zane ne, da kallabi, da lalle, da warwaro. Wa ya taɓa ganin wadda ta ɗaura ayaba ta fito fili? Jozefin kanta a lokacin ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba. Takunta na rawar baƙaƙen Amurka ne. Afirkar da ƴan kallo ke yi wa tafi, su sunka ƙirƙiro abinsu, sunka ɗora wa ɗiyar mai wanki ta Sen Luwis.

Ku tuna kuma da zamanin. A wannan shekara ta 1926 ce Faransawa sunka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram sunka kai Yamai. Kakanninmu na cikin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Ashe mutum na iya yi wa baƙar fata ɗaya tafi da dare, alhali ƙasarsa na murƙushe miliyoyi da rana.

Duk da haka, ga Jozefin Paris ta fi gida nesa ba kusa ba. Tana shiga gidan abincin da take so, ta zauna inda take so, Bature ya kawo mata abinci. Abin da ba ta taɓa samu a ƙasar haihuwarta ba ke nan. Ta yi kuɗɗi masu yawa, ta koyi Faransanci, ta koyi waƙa, ta daina zama mai rawa kawai.

MASOYA DA MASU JARIDA

Masoyanta sun yi abin mamaki. An yi ƴar tsana mai kama da ita, ana sayarwa a kantuna. An yi man gashi mai suna Bakerfix, matan Turawa na saye don kansu ya kwanta kamar nata. Wasu sunka riƙa shanya jikinsu a rana don su yi duhu. Ita kuwa a ɗaki tana shafa ruwan lemun tsami don ta yi haske. Kowa na neman abin da ke jikin wani.

Masu jarida sunka ga sunanta na sayar da takarda. Sunka riƙa bin ta ko'ina. Me ta ci? Me ta sa? Wa ke neman ta? Ita ma ta gane cewa duk ranar da anka yi maganarta, gidan wasa cika yake. Sai ta riƙa ba su abin da suke so. Ta sami wata dabba dangin damisa, ta sa mata abin wuya mai duwatsu masu tsada, tana yawo da ita a titi. In an tambaye ta wane ne ubanta, yau ta faɗi wannan, gobe ta faɗi wancan.

A 1927 jaridu sunka buga cewa ta auri wani basarake ɗan Italiya mai suna Pepito Abatino. Labarin ya kai har Amurka. Daga baya ta bayyana ba a ɗaura aure ba, kuma mutumin ba shi da wata sarauta. Shi ne mai kula da harkokin wasanta, kuma sun shirya zancen ne don suna ya ƙara tashi. Wannan ya nuna muku cewa tsegumin mashahuran mutane sana'a ce. Wani lokaci mai jarida ke ƙirƙiro shi, wani lokaci mai sunan da kansa.

Ba kowa ke son ta ba. Da ta je birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1928, an kaɗa ƙararrawar coci don a gargaɗi mutane kada su je kallo. A 1929 hukumar birnin Munik na Jamus ta hana ta wasa sam. Wasu don tsiraici suke ƙin ta. Wasu kuwa sun fito fili sun ce baƙar fata ba ta cancanci hawa dandalin Turawa ba.

Ko a Faransa son na da iyaka. Ta fito a silima uku manya, a 1927 da 1934 da 1935. A cikin kowace, ita ce yarinyar da ke son Bature, kuma a ƙarshe ba ita yake aure ba. A 1931 anka yi babban bukin nunin ƙasashen mulkin mallaka a Paris. An gina ƙauyukan ƙarya, an kawo mutane daga Afirka da Asiya an zuba ciki, Turawa na biya suna kallo. An so a naɗa Jozefin sarauniyar bukin. Sai wasu sunka tuna cewa ita ƴar Amurka ce, ba ta fito daga ƙasar da Faransa ke mulka ba, anka fasa.

A 1936 ta koma Niyu Yok don ta nuna wa ƴan ƙasarta abin da ta zama. Ta fito da tufafi masu tsada, tana waƙa da Faransanci. Jaridun Turawan Amurka sunka yi mata ba'a. Ba su so ganin baƙar mace cikin shigar manya ba. Wani otel ya hana ta ɗaki. Ta koma Faransa da baƙin ciki. A 1937 ta auri wani Bafaranshe, ta zama ƴar ƙasar Faransa.

ZAMANIN YAƘI

A 1939 yaƙin duniya na biyu ya tashi, wato yaƙin Hitila, wanda anka kwashi samari daga ƙasashenmu anka kai. A 1940 Jamus ta mamaye Faransa. Nan ne sunan Jozefin ya yi wani amfani da masu jarida ba su sani ba.

Wani hafsa mai suna Jak Abte ya ɗauke ta aikin leƙen asiri. Da yake kowa na son ganin ta, jakadun ƙasashe na gayyatar ta liyafa. Tana dariya da su, tana sauraren abin da suke faɗi. In za ta ƙetare iyaka, ana rubuta asirin da tawadar da ido ba ya gani, a kan takardun waƙoƙinta. Wasu ƴan takardu kuma ta maƙala su cikin tufafinta. Masu tsaron iyaka, maimakon su bincike ta, sai su roƙi ta sa musu hannu a takarda don tunawa. Da an kama ta, da ranta ne a bakin hakan.

A 1941 ta ƙetara Afirka ta Arewa. Ciwo mai tsanani ya kwantar da ita a birnin Kazablanka na Maroko, wajen shekara ɗaya da rabi. Tana kwance, jaridun Amurka sunka buga cewa ta mutu. Har an rubuta mata ta'aziyya. Da ta tashi, ta shiga yi wa sojoji wasa a sansani sansani, tana tara wa rundunar Janar Digol kuɗɗi. A 1944 anka ba ta muƙamin hafsa a rundunar mata ta sojan sama. Bayan yaƙi Faransa ta ba ta lambobin girma, a 1946 da 1961.

DAREN DA ABINCI BAI ZO BA

A 1951 ta sake komawa Amurka. Wannan karo ta kafa sharaɗi: ba za ta yi wasa a inda ake hana baƙar fata shiga ba. Wani babban gidan wasa a birnin Mayami ya yarda. Baƙar fata da farar fata sunka zauna wuri ɗaya, kuma gidan ya cika. Babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, mai suna NAACP, ta keɓe ranar 20 ga watan Mayu 1951 don girmama ta a Niyu Yok.

Yanzu sai mu gabatar muku da wani mutum, Walta Wincel. Shi ne sarkin masu tsegumi na Amurka a zamaninsa. Yana da shafi a jarida, yana da shiri a radiyo kowane daren Lahadi, miliyoyin mutane na bin sa. Wa zai yi aure, wa zai saki matarsa, wa ya karye, duk a bakinsa ake fara ji. Kun san maroƙin da ake ba kyauta don tsoron zambonsa. To, haka manyan Amurka ke tsoron Wincel. A faɗi gaskiya, ya taɓa yin abin kirki. Ya soki Hitila tun da wuri, ya soki masu kashe baƙar fata, kuma a farkon 1951 ya yabi Jozefin.

Akwai wani gidan abinci na masu kuɗɗi a Niyu Yok mai suna Stork Club. Nan Wincel ke zama kusan kullum, yana da teburinsa, nan yake tsintar labarai. Mai gidan abokinsa ne. Daren 16 ga watan Oktoba 1951 Jozefin ta je can da abokanta. An ba su wurin zama. Ta nemi abinci, ta jira wajen awa ɗaya, bai zo ba. Ta gane abin da ake nufi. Ta tashi ta buga waya ta kai ƙara. Mai gidan ya musa cewa wariya ce. Ƴan NAACP sunka zo sunka yi zanga-zanga a ƙofar gidan.

Cikin ƙorafinta ta ambaci Wincel. Ta ce yana wurin, kuma bai ce uffan ba. Shi kuwa ya ce bai ga kome ba, ya riga ya tafi. Da ya tsaya nan, da magana ta mutu. Amma ya ji an taɓa girmansa, sai ya juya mata alƙalami.

Ya tono wata magana da ta yi a 1935. A shekarar nan Musolini, shugaban Italiya, ya kai wa Habasha yaƙi, kuma Jozefin ta goyi bayansa, tana zaton zai kawar da bauta a can. Gaskiya ne ta faɗi haka, kuma babban kuskure ne, don sojan Italiya sun hallaka Habashawa har da iska mai guba. Amma Wincel ya ɗauki wannan ya rufe duk abin da ta yi daga baya. Ya ƙasƙantar da aikinta na yaƙi. Sa'an nan ya jingina ta da ƴan kwaminis. A lokacin Amurka na gaba da Rasha, kuma duk wanda anka laƙa wa wannan suna, aikinsa ya tafi.

Ku lura da dabarar. Tambayar farko ita ce, me ya sa abinci bai zo ba? Cikin ƴan makwanni an mance da ita. Kowa na tambayar wace ce Jozefin, me ta taɓa faɗi, da wa take tare. Mai ƙara ta koma abar tuhuma.

Gidajen wasa sunka fara soke alkawarin da sunka yi da ita. Ƴan sandan ciki na Amurka sunka riƙa tara takardu a kanta. Da ta je ƙasashen Amurka ta Kudu tana ba da labarin wariya, jakadun Amurka sunka yi ƙoƙarin toshe mata hanyar wasa. Ta kai Wincel kotu tana neman dalar Amurka 400,000, ba dalarmu ta sefa ba. Shari'ar ta mutu a 1955, ba ta samu kome ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

ƊIYA 12

A Faransa Jozefin na da wani babban gida irin na sarakunan da, a ƙauyen Milande. Ba ta samu haihuwa ba. Daga 1954 ta fara ɗaukar yara riƙo, har sunka kai 12. Akwai daga Japan, da Finlan, da Kolombiya, da Benezuwela, da Aljeriya, da Kwaddebuwa, da Faransa kanta. Nufinta ta nuna wa duniya cewa yara masu launi daban daban na iya tashi ɗaki ɗaya kamar ƴan uwa.

Niyyar mai kyau ce, amma akwai abin dubawa. Ta buɗe gidan ga ƴan kallo, suna biya suna shiga, suna leƙen yaran. Wadda ta tashi ana kallon ta, ta sa ana kallon ɗiyanta. Da sunka girma, wasu daga cikinsu sun ce abin ya yi musu nauyi.

Ran 28 ga watan Agusta 1963, mutum wajen 250,000 sunka taru a birnin Washintan suna neman a kawar da wariya. Jozefin ta hau dandali da kakinta na soja da lambobinta. Tana cikin mata ƙalilan da sunka yi magana a ranar, kafin Martin Luta Kin ya yi jawabinsa da duniya ta sani. Shekara ta gaba, 1964, Amurka ta yi dokar da ta hana wariya a otel da gidajen abinci da gidajen wasa.

Amma kuɗɗi sun ƙare. Gidan na cin dukiya, ita kuma hannunta a sake yake. A 1968 anka sayar da gidan don biyan bashi. Cikin watan Maris 1969 anka fitar da ita da ƙarfi. Masu ɗaukar hoto sunka zo. Sunka ɗauke ta zaune a bakin ƙofar madafa, ta lulluɓe da bargo, tana da shekara 62. Jaridun da sunka ci riba da hoton ayaba, sunka ci riba da wannan ma. Gimbiya Gires ta Monako ce ta ba ta wurin zama ita da yaran.

ƘARSHEN SU BIYU

Shi kuwa Wincel, zamani ya juya masa baya. Talabijin ta zo, bai yi farin jini a cikinta ba. Mutane sun gaji da cizonsa. Jaridar da yake rubutu a ciki ta rufe a 1963. Ya mutu a 1972, kuma ɗiyarsa kaɗai ta tsaya wurin bizne shi.

Jozefin ta koma dandali don ta ciyar da yara. A 1973 ta yi wasa a Niyu Yok, mutane sunka miƙe tsaye suna tafi tun kafin ta buɗe baki. Ran 8 ga watan Afrilu 1975 ta buɗe sabon wasa a Paris, na cikar shekara 50 da fara wasanta a birnin. Bayan ƴan kwanaki anka tarar da ita a gado ba ta cikin hayyacinta, ga jaridu kewaye da ita, duk suna yabon ta. Ta rasu ran 12 ga watan Afrilu 1975, tana da shekara 68. Sojoji sun yi mata faretin girma, dubban mutane sunka cika titi. An bizne ta a Monako.

A Paris akwai wani babban gini mai suna Panteyon, inda Faransa ke girmama manyan mutanenta da sunka shuɗe. Ran 30 ga watan Nuwamba 2021 anka shigar da sunan Jozefin ciki. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu haka. Gawarta na nan Monako. Akwatin da anka ɗauka, ƙasa ce a ciki, daga wurare huɗu da ta zauna. A wurin bukin, aikinta na yaƙi da gwagwarmayarta da wariya su anka sa a gaba. Wasu baƙar fata na Faransa sun yi murna. Wasu kuma sun ce, girmama mace ɗaya da ta fito daga Amurka ba zai share wulaƙancin da ƴan asalin Afirka ke gani wajen neman aiki da gidan haya ba.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ƴan uwa, a da tsegumi sai an je bakin rijiya ko gindin icce. Yau ya shigo aljihu. Wayar hannu na kawo labarin mawaƙa da ƴan wasan fim, ta Facebook da WhatsApp da TikTok. An ce wance ta fita daga gidan miji, an ce wane ya karye, an ce wane ya mutu. Kafin la'asar labari ya kai Tawa, ya kai Maraɗi, ya kai Damagaram.

In irin wannan ya zo muku, ku tuna da Jozefin. An buga ta yi aure, ba ta yi ba. An buga ta mutu, tana da sauran shekara fiye da 30. Aikin da ta sa ranta a kansa kuwa, babu jaridar da ta san shi sa'ad da take yin sa. Saboda haka ku yi wa kowane labari tambaya uku. Wa ya faɗa? Gani ya yi, ko ji ya yi? Me zai samu in na yarda na kai wa wani?

In kun ga mutum ya yi kukan an zalunce shi, sai anka bar maganar zaluncin anka koma tonon asirinsa, ku tuna da daren da abinci bai zo ba. Ku maido da tambayar farko.

In kuna son mawaƙi ko ɗan wasa, ku so shi don aikinsa, ku bar shi ya zama mutum mai kuskure kamar kowa. In kun ji ana yabon wata don ta fi haske, ko ana raina wata don ta fi duhu, ku san cewa wannan ma'auni ne ya sa Jozefin a ƙarshen layi. Kada mu auna ɗiyanmu da shi.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, ku tattauna a tsakaninku. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Mu kwana lafiya.